Ba a fafe gora ranar tafiya: daga ƙasar Arewa zuwa filin jirgin Yamai

Wanda ya fito daga Birnin Ƙonni ya nufi yamma, tun daga nesa duwatsu ke yi masa maraba. Jajaye ne, masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke su da wuƙa, kuma daga gare su garin Dogondutsi ya samo sunansa. A ƙarƙashinsu kwarin Dallol Mawri ya miƙe daga arewa zuwa kudu, tsohuwar hanyar ruwa da ta ƙafe tun zamanin da babu wanda ya gani, amma ta bar danshi kusa da ƙasa, har gawo da goriba suka samu wurin zama. Wannan ita ce ƙasar Arewa, ƙasar Arawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri. A arewacin Dutsi akwai Matankari, tsohuwar fadar Sarkin Arewa, da Bagaji garin Baura, da Lugu inda mutanen Sarauniya suka yi arangama da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. A kudu kuwa akwai Tibiri ta Samna, da Dumega, da Geceme, da Kore Mairuwa da ke bisa kwalta. A shekarar 2011 gwamnati ta raba ƙasar gida biyu, Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta, Dogondutsi ta riƙe sauran.

Ƙasa ce ta matafiya. Da an gama girbin gero, samari kan ɗauki hanya zuwa cin rani, wasu Sakkwato da Birnin Kabi, wasu Kwatano da Kumasi. Ƴan kasuwa sun saba da Kangiwa da Bachaka kamar bayan ɗakinsu. Lakwal ta daɗe da kama ƙasa a nan, shi ya sa da wuya a shiga wata ma'aikata a Yamai, ko Tawa, ko Damagaram, ba a tarar da Ba'are a bayan teburi ba. Daga cikin waɗannan ƴan kasuwa da ma'aikata ne ake samun masu hawa jirgin sama: alhaji mai niyyar Makka, hajiya mai zuwa umra cikin azumi, attajiri mai sarin kaya a Dubai ko Istambul, ma'aikaci mai konje da zai ziyarci ɗansa ɗalibi a Maroko ko Faransa, da ɗan Arewa mazaunin Turai da ke zuwa hutun salla gida. Ba'are bai cika tafiya don kallo kaɗai ba. Hutunsa ziyara ce, ko ibada, ko ganin likita, ko sayayya, sau da yawa ma duka a haɗe.

Sai dai babu jirgin fasinja da ke sauka a gundumomin nan biyu. Tsakanin Dogondutsi da filin jirgin Diori Hamani na Yamai akwai kilomita wajen 275. Wannan nisa shi ne ke cinye haƙƙin matafiyin Arewa, domin dokokin da suka kare shi suna da wa'adi, suna kuma son takarda, shi kuwa ga al'ada sai ya iso gida ya huce gajiya sannan ya waiwayi abin da ya same shi a hanya.

Daga madugu zuwa tikiti

A da, mai niyyar aikin hajji daga wannan yanki sallama yake yi irin ta wanda bai tabbatar da dawowa ba. Yakan raba abin da zai raba, ya bar wasiyya, ya bi ta Kano da Borno da Fort-Lamy da Darfur har bakin Bahar Maliya, yana noma a wani zango, yana dako a wani. Tafiyar takan ci shekaru, wasu kuma a can Sudan suka yada zango na dindindin, jikokinsu na nan har yau. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro su ma ba su tafiya kara zube. Suna da madugu, wanda ya san hanya, ya san sarakunan da ake biya fito, kuma in jakin wani ya faɗi ko kayansa suka salwanta, gaban madugu ake zuwa. Amana a bakin mutum take, kuma kowa ya san fuskar wanda ya ɗauke ta.

Jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta zama ta awoyi, amma ya ɗauke fuskar madugu. A 1961 ƙasashe goma sha ɗaya, har da Nijar, suka kafa kamfanin Air Afrique a Yawunde, wanda ya yi shekara arba'in yana haɗa Yamai da Abijan da Dakar da Paris, kafin ya durƙushe a 2002. Wanda ya manyanta kuma bai manta da ranar 19 ga Satumba 1989 ba, da jirgin UTA ya tarwatse a sararin Tenere da mutum 170, ko ranar 11 ga Yuli 1991, da jirgin alhazai mai nufin Sakkwato ya faɗi a Jidda, mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya. Irin waɗannan ranaku ne ke tuna wa jama'a cewa ƴar takardar nan da ake kira biye ko tikiti yarjejeniya ce tsakanin matafiyi da kamfani. Ita ce ta maye gurbin maganar madugu. Bambancin shi ne madugu ya san wanda bai iya karatu ba, takarda kuwa ba ruwanta.

Kwalta: inda kamfanin jirgi ba ya da hannu

Tafiyar mutumin Geceme ko Tibiri tana farawa ne da neman motar da za ta fitar da shi bakin kwalta, a Bolbol ko Kore Mairuwa. Na Matankari da Dogonkiriya kuwa sai sun gangaro Dutsi. Daga nan manyan motocin safara da ke fitowa daga gabas su kwashe su, a ratsa Doso, a wuce Birnin Gaure, a bi ta dajin Kure inda raƙuman dawa ke kiwo, har a hango fitilun filin jirgi, tun kafin a shiga cikin birnin Yamai. Filin ya sabunta a 2019, lokacin da Nijar ta karɓi taron shugabannin Tarayyar Afirka.

Duk abin da ya faru a wannan hanya, kamfanin jirgi bai san da shi ba. In taya ta fashe, ko ruwan damina ya cinye wani gefen hanya, ko bincike a shingen jandarma ya ɗauki lokaci, har mutum ya iso an rufe rajistar fasinja, to a wurin kamfani shi ne bai zo ba. Ba a biyansa diyya, kuma a tikitoci da yawa, wanda bai hau jirgin tafiya ba, sai a soke masa har kujerar dawowa. Ana rufe rajista ne galibi awa guda kafin tashi, jirage da dama kuma cikin dare ko da asuba suke barin Yamai. Saboda haka tsofaffin matafiya ba su haɗa kwalta da jirgi a rana ɗaya. Sukan kwana a Yamai wurin ɗan'uwa, domin kuɗin kwana guda bai kai na sabon tikiti ba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi damun mutanen nesa. Da yawa ba su sayen tikiti da kansu. Aike suke yi wurin wata ajans a Yamai, ko su ba wani ɗan gari da ya san gari. Mai ajans sai ya rubuta lambar wayarsa a madadin ta matafiyi. Ranar da kamfani ya sauya lokacin tashi, saƙo na can a ofishin da aka rufe tun la'asar, mai tafiya kuwa yana Dumega yana ban kwana da dangi. Abu ne mai sauƙin gyara: mutum ya nemi a sa lambarsa shi kansa, ya karɓi cikakkiyar takardar tikiti da rasit mai hatimi, ya duba sunansa harafi da harafi ya ga ya dace da na fasfo.

In kuwa haɗari ne ya auku a kwalta, Allah ya kiyaye, wata doka ce ke aiki. Nijar na cikin ƙasashe goma sha huɗu na yarjejeniyar CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, kundinta ya fara aiki a 1995. Kundin ya wajabta wa kowace mota inshora, wato abin da direbobi ke kira asirans, kuma fasinja na cikin waɗanda take rufewa. Tikitin mota shi ne shaidar cewa mutum na ciki. Bai kamata a yar da shi a tasha ba.

Dokoki uku a bakin ƙofar jirgi

Da matafiyi ya miƙa fasfonsa a kan kanta cikin lokaci, nauyi ya koma wuyan kamfani. Dokoki uku ne suka fi shafar mai tashi daga Yamai, kuma kowacce da iyakarta.

Ta farko ta gida ce. A 2003 majalisar ministocin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, ta fitar da doka kan fasinjan da aka hana shi hawa, ko aka soke jirginsa, ko aka yi masa dogon jinkiri. Sanannen abu ne kamfanonin jirage kan sayar da kujeru fiye da waɗanda ke cikin jirgi, bisa lissafin cewa wasu ba za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, sai a bar wani a ƙasa. Dokar ta ce wanda aka bari, alhali tikitinsa tabbatacce ne kuma ya zo kan lokaci, yana da zaɓi tsakanin a mayar masa da kuɗinsa ko a sa shi a wani jirgi, yana da diyya, kuma ciyar da shi da kwanansa suna wuyan kamfani har ya tashi. Hukumar da ke kula da sufurin sama a Nijar, wato ANAC, ita ce wurin kai kuka in kamfani ya toshe kunne. Ficewar Nijar daga CEDEAO a watan Janairu 2025 ba ta taɓa wannan doka ba, domin UEMOA ƙungiya ce daban.

Ta biyu ta duniya ce, yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta gaji ta Warsaw ta 1929, Nijar kuma ta shige ta a 2018. Ita ce ke magana kan rai da rauni da kaya da asarar da jinkiri ya jawo. Ana lissafinta da wani ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya da ake kira DTS, ana kuma sake duba adadin duk shekara biyar. Tun daga 28 ga Disamba 2024, iyakar abin da kamfani zai biya kan kayan fasinja ɗaya DTS 1.519 ne, wato ya ɗan haura miliyan ɗaya na sefa. Iyakar asarar jinkiri DTS 6.303, kusan miliyan biyar. A kan mutuwa ko rauni kuwa, har zuwa DTS 151.880, sama da miliyan ɗari, kamfani ba ya iya kuɓuta da cewa ba laifinsa ba ne. Amma a lura: adadin kaya da na jinkiri rufin ɗaki ne, kuma duk waɗannan adadi ba kuɗin da ake ƙirga wa kowa a hannu ba ne. Abin da mutum ya tabbatar ya yi asararsa shi ake biya, tabbatarwa kuwa da rasit ake yin ta.

Ta uku ta Turai ce, doka mai lamba 261 ta 2004. Ta tanadi diyyar yuro 250, ko 400, ko 600, gwargwadon nisan tafiya, kuma a 2009 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa jinkirin da ya kai awa uku wajen isa shi ma ya shiga ciki. Tsakanin Paris da Yamai ya wuce kilomita 3.500, saboda haka yuro 600 ne, wanda a canjin 655,957 ya kama sefa 393.574. Wannan ya fi albashin wata na ma'aikata da yawa. Sai dai dokar tana bin jirgin da ya tashi daga Turai, ko na wane kamfani ne. Wanda ya tashi daga Yamai zuwa Turai kuwa sai in kamfanin na Turai ne. A watan Agusta 2023 Air France ta dakatar da zuwa Yamai, masu zuwa Turai suka koma bi ta Kazablanka ko Istambul ko Addis Ababa. Ke nan a tafiya dokar Turai ba ta rufe su, amma a dawowa tana rufewa, domin a 2018 kotun ta ce tafiya mai zango a wata ƙasa, muddin tikiti ɗaya ne, tafiya ɗaya ce. Wanda ya sayi tikiti biyu daban don rangwame, in na farko ya makara ya sa shi rasa na biyu, shi da Allah.

Masu dawowa daga ƙasa mai tsarki su ma suna da inda za su dogara, domin Saudiyya ta fara aiki da sabuwar dokar haƙƙin fasinja a watan Nuwamba 2023, wadda ta shafi jiragen da ke tashi daga filayenta. Wanda kuma ya tsallaka iyaka ya hau jirgi a Sakkwato ko Kano, to dokar Najeriya ce a kansa, ba ta UEMOA ba.

Kwana bakwai na barka da zuwa

A wurin kaya ne nisan Arewa ya fi yin ɓarna. Kowa ya san yadda ake tarbar wanda ya dawo daga Makka ko daga doguwar tafiya. Tun a filin jirgi ƴan'uwa sun cika, mota na jira, direba na cewa a yi sauri kada dare ya yi a hanya. In akwati ɗaya bai fito ba, ko ya fito a farke, sai wani ya ce ai lafiya ita ce babba, a bar zancen kaya, in ya so a aiko yaro daga baya. A kama hanya. A isa gida a shimfiɗa tabarmi, a yi mako guda ana karɓar masu barka da zuwa, ana rabon dabino da zamzam da tasbaha. Ranar da baƙi suka ragu, maigida ya tuna da akwatinsa, wa'adi ya riga ya wuce.

Yarjejeniyar Montreal ba ta san barka da zuwa ba. Wanda kayansa suka lalace, kwana bakwai gare shi daga ranar da ya karɓe su, ya kai ƙara a rubuce. Wanda kayansa suka makara, kwana ashirin da ɗaya daga ranar da suka iso hannunsa. Kayan da suka yi kwana ashirin da ɗaya ba su zo ba, ana ɗaukarsu a matsayin ɓatattu. Zuwa kotu kuma shekara biyu ne, bayan haka ƙofa ta rufe. Wanda ya karɓi kaya ya fita bai ce uffan ba, doka na ɗauka lafiya lau ya karɓe su.

Saboda haka aikin farko, tun kafin a fita wurin duwan, shi ne zuwa kantar kula da kaya a cika takardar shaida da ake kira PIR, a karɓi kwafi mai lamba. Ƴar takardar nan mai manne da aka liƙa a bayan tikiti ranar tafiya, ita ce ke nuna akwatin na wane ne. Rabin awa a wannan kanta ya fi zuwa Yamai sau uku daga Matankari. Zuwa da kai ya fi aike, balle aiken da zai iso bayan wa'adi.

Ga ƴan kasuwa akwai ƙarin magana. Akwatin da aka cika da wayoyi ko shadda ko turare na miliyan huɗu, in ya ɓata, abin da za a biya ba zai wuce rufin da aka ambata ba, sai fa in mai shi ya bayyana darajarsa tun wurin rajista, ya biya ƙarin kuɗi. Kuɗi da zinariya da magunguna da takardu kuwa, wurinsu jakar hannu.

Laimar da ake saye

Haƙƙin fasinja abu ne da ke cikin tikiti, ba a biyan komi a kansa. Amma yana tsayawa ne inda laifin kamfani ya tsaya. Ma'aikacin da zazzaɓi ya kwantar a Kazablanka, ko attajirin da ya faɗi ya karye a kasuwar Dubai, kamfanin jirgi bai san su ba. A nan ne inshorar tafiya ke shigowa, kuma ita sayen ta ake yi. Kamfanonin inshora na gida irin su SNAR-Leyma, wanda sunansa ke tuna wa Bahaushe laima, da CAREN da SUNU, duk a ƙarƙashin kundin CIMA suke aiki. Tun gyaran da aka yi wa kundin a 2011, inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Zancen "rubuta, in na dawo na biya" ya ƙare.

Mafi yawan masu sayen ta dole ce ke sa su. Mai neman bizar Shengen sai ya nuna inshorar lafiya da ba ta gaza yuro 30.000 ba, wato sama da miliyan 19 da rabi na sefa, wadda ta haɗa da jinyar gaggawa da mayar da mara lafiya ko gawa gida. Da yawa kan ɗauke ta a matsayin takardar cika dosiye, da an buga biza sai a jefa ta cikin durowa a bar ta a gida. Alhali a jikinta akwai lambar wayar agaji, kuma ƙa'idar yawancin kamfanoni ita ce a kira su kafin a kashe kuɗi. Wanda ya biya asibiti da kansa, ya dawo bayan wata biyu da rasit a hannu, yakan sha wahala kafin a saurare shi.

Wajibi ne kuma a karanta abin da laimar ba ta rufe ba, ko a sa wani amintacce ya karanta ya fassara. Galibi ba ta rufe ciwon da mutum ya san yana da shi tun kafin tafiya, irin su hawan jini da ciwon suga, matuƙar ba a bayyana ba. Ba ta rufe tafiyar da aka yi musamman don neman magani. Ba ta rufe yaƙi da tarzoma. Sau da yawa ma ba ta fara aiki sai an fita daga ƙasa, ke nan kwaltar Dutsi zuwa Yamai ba ta ciki. Kuma inshorar jinya daban, ta soke tafiya daban: wanda rasuwa ta hana shi tashi ba zai ga kuɗin tikitinsa ba sai in ya sayi ta biyun.

A fannin ibada, Saudiyya ta haɗa inshora cikin kuɗin bizar umra tun 2020, aikin hajjin ƴan Nijar kuma yana bi ta hukumar COHO da ajans-ajans ɗin da ta amince da su. Hajjin 2024 ya nuna muhimmancin bin wannan ƙofa. A cikin tsananin zafin waccan shekara hukumomin Saudiyya sun ƙirga mutum 1.301 da suka rasu, suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin hajji. Mutane ne da suka shiga da bizar ziyara don araha, suka tsinci kansu babu tanti, babu mota, babu wanda ke da sunansu a rajista. Arahar da ta raba mutum da inuwa ranar Arfa ta yi tsada.

Tawakkali da taimakon juna

A majalisun Dutsi da Tibiri, da an ambaci inshora sai wani dattijo ya girgiza kai, ya ce mai tafiya Allah ke tsare shi, sayen kariya kuwa kamar yi wa kai mugun baki ne. Maganar tana da tushe, kuma malamai sun daɗe suna tattauna ta. A 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta ƙi amincewa da inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikinta, amma ta halatta ta taimakon juna, inda jama'a ke zuba kuɗi cikin asusu ɗaya don agaza wa wanda abu ya sama. Wannan ita ake kira takaful. Kamfaninta na farko a Sudan aka kafa shi a 1979, CIMA kuma ta yi mata doka a 2019. Malaman da ke goyon bayan tanadi sukan tuna wa mutane labarin mai raƙumin da aka umurta ya ɗaure dabbarsa tukuna, sannan ya dogara ga Allah.

Ba'are ma bai rasa irin wannan a gidansa ba. Adashen mata, gayyar noma, gudummawar biki, da karo-karon da ƴan gari ɗaya ke yi a Yamai ko Legas in ɗayansu ya rasu, duk laima ce da zumunci ya ɗinka. Ta daɗe tana aiki, kuma tana da abin da kamfani ba ya da shi, wato tausayi. Amma ƙarfinta daidai da aljihun masu ita ne. Karo-karon da zai kai gawa daga Kwatano zuwa Kieche a mota ba zai biya mako guda a ɗakin gaggawa na asibitin Turai ba.

Ranar da sama ta rufe

Sau biyu cikin ƴan shekarun nan matafiya suka ga iyakar doka da ta inshora a lokaci guda. A watan Maris 2020 annobar korona ta sa aka rufe filayen jiragen Nijar, ba a buɗe su ba sai 1 ga Agusta, kuma a 2020 da 2021 ba a karɓi alhazai daga waje ba. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasa daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba, iyakar Najeriya da ke gefen Arewa ita ma ta kasance a rufe har watan Maris 2024. Waɗanda hutu ya kai su waje suka maƙale, waɗanda suka zo gida hutu suka rasa hanyar komawa bakin aiki.

A irin wannan hali kamfani ba ya biyan diyya, tunda abin ya fi ƙarfinsa, inshora ma takan janye hannu. Amma kuɗin tafiyar da ba a yi ba bai zama halalin kowa ba: wanda aka soke jirginsa yana da ikon neman a mayar masa ko a ɗage masa. Waɗanda suka samu nasu cikin sauƙi su ne masu tikiti da sunansu, da rasit, da wasiƙar da suka rubuta aka buga mata hatimin karɓa. Wanda ya miƙa jika ɗari bakwai hannu da hannu a zauren wani, bisa sanayya, sai dai ya riƙa sintiri yana jin "dawo gobe".

Abin da ya rage ga hukuma bai fi ƙarfinta ba. Duk waɗannan dokoki da Faransanci suke, mafi yawan masu zuwa Makka daga Dallol Mawri kuwa da Hausa suke tunani. Da ANAC da COHO za su liƙa haƙƙin fasinja da Hausa da Zabarmanci, da boko da ajami, a filin jirgi da tashoshin Dutsi da Kore Mairuwa, gidajen rediyon karkara kuma su riƙa maimaita zancen kwana bakwai da ashirin da ɗaya gabanin kowane hajji, da an rage asara mai yawa. Ma'aikaci da ya iya karatu shi ma yana da hakki a wuyansa: in zai raka mahaifiyarsa filin jirgi, bayan addu'a da guzuri, ya duba mata takardunta, ya ɗauki hotonsu a waya, ya rubuta mata lambar agaji a inda za ta gani.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kakannin Arawa sun san haka, shi ya sa suke gyara salka da takalmi tun kaka, su san madugunsu kafin su bar gida. Gorar matafiyin yau tikiti ce da rasit da takardar inshora, kuma a gida ake fafe ta, tun mota ba ta tsaya a bakin kwalta ba. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya, shi da kayansa.